MAYEN ƘARFE A ƘOFAR HAJIYA

Shafi na 14

Masu turo min saƙo cewa na bar ku a rataye, ku yi haƙuri, wallahi ba jan aji ba ne. Wutar unguwarmu ce ta yi yaji, wayata ta mutu murus. Ke kuma da kika ce in ban saki shafin nan yau ba za ki biyo ni har gida, ga shi nan, ki yi zamanki.

*

Tun ranar da maƙerin gwal ya kara mayen ƙarfe a jikin sarƙar surukarta, sarƙar ta yi tsalle ta manne, Bilqis ba ta sake samun sukuni ba. Wanki kawai Hajiya Ummakulsum ta aike ta ta kai. Ta dawo da sarƙa fes, ta kuma dawo da maganar da ta fi ƙarfin bakinta. Sarƙar da Hajiya take tinƙaho da ita a duk bikin Fagge, tsarabar Makka daga hannun mijinta, ashe ƙarfe ce aka shafa wa ruwan gwal.

A soro ta ci karo da surukinta, Baba Malam Abdulmuminu, ta durƙusa ta faɗa masa tana hawaye. Tsoho ya cire tabarau, ya waiga hagu da dama.

"Na sani, 'yata. Guzurin da na ware don gwal, littattafai na gani a Madina suka cinye shi. Shekara da shekaru Allah yana rufa min asiri, ko koɗewa ba ta taɓa yi ba. Amana na ba ki, kada Hajiyarku ta ji."

Amana kuwa ta karɓa, tana ta lallaɓa abarta. Sai ga sauro ya shigo cikin maganar.

Da safiyar nan Hajiya ce zaune a ƙofar ɗakinta, ta ɗora jikarta Raudha a cinya tana juya kumatunta.

"Iyawo! Zo ki ga abin da marasa kunyar nan suka yi wa ƙawata."

Iyawo, wato amarya da Yarbanci, take ce wa Bilqis, don tsokana, saboda 'yar Yarbawan Sabon Gari ce. Bilqis ta taho tana goge hannu, ta rusuna. Kumatun yarinya duk sun yi rudu-rudu da cizo.

"Dare ɗaya fa! Sauron daminar bana ko sallama ba ya yi. In kunna maganin sauro na hayaƙi ta yi ta tari, in rufe ƙofa mu dahu. To yau ta ƙare. Labulen nan na raga zan saya, mai rufe kansa, irin na gidan Yakaka."

Hajiya Yakaka aminiyarta ce, Babarbariya, kuma abin da duk ta riga Hajiya mallaka sai ya hana Hajiya barci.

"Wane iri ne mai rufe kansa, Hajiya?"

"Mai mayen ƙarfe mana. Kina wucewa sai ki ji tas-tas-tas, ya haɗe bakinsa."

Bilqis ta ɗago kai. Idonta ya sauka a kan sarƙar, doguwa har ƙirji, tana lilo a wuyan Hajiya. Sarƙar da ko barci da ita ake yi. Ƙofar da Hajiya take shige da fice a cikinta wuni guda.

Mijin Bilqis, Muhammad Nur, yana gefe yana shan koko zai fita shagonsa na atamfa a Kantin Kwari. Sai ya ƙware. Ya yi ta tari har da hawaye.

"Hajiya, ai mai zif ya fi ƙarko," ya ce da ya samu numfashi. "Wannan mai mayen yayi ne kawai."

Hajiya ko kallonsa ba ta yi ba. Kun dai san ta da alkunya, ɗan farinta ne, tunda ta haife shi ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta. Ɗan Kwari take ce masa, shi ma sai ta kama dole.

"Iyawo, ce wa Ɗan Kwari ya auna min ƙofa ya kama gabansa. Ba shawara na nema ba."

Bilqis ta ji wani sanyi a ranta. Ta ce a zuci, Allah sarki mijina, bai san komai ba amma yana taya ni yaƙi.

Ni kuwa na ce, uhm.

Ya auna da zaren gefen atamfa, ya ƙulla tsawo, ya ƙulla faɗi, ya miƙa wa Bilqis ya fice ko kokon bai ƙarasa ba.

*

Da hantsi adaidaita sahu ya sauke su a Kasuwar Sabon Gari. Hajiya cikin zumbulelen hijabi, Bilqis goye da Raudha. Dabara ɗaya ta rage wa Bilqis, ta kai su shagon Chinyere, ƙawarta ta firamare, wadda Hausa a bakinta kamar a cikin Badala aka yanke mata cibi.

"Bili! Idonki kenan? Sannu da zuwa, Mama, ga kujera. Wannan 'yar lukutar tamu ce?"

Aka gaisa, Hajiya ta faɗi abin da ya kawo ta. Chinyere ta fara sauke kaya.

"Kala-kala ne, Mama. Ga mai zif, ga mai maye. Ƙofar katako ce ko ta ƙarfe?"

"Bakinta katako ne, tun na kakan mijin wannan."

"To ƙananan ƙusoshi za a haɗa da tef ɗin, gam kaɗai ba ya jure zafin Kano. Ina awon?"

Bilqis ta miƙa zare. Chinyere ta shimfiɗa shi a kan tebur.

"Ramin ƙofar aka auna ko har da katakon gefe?"

"Ramin ne."

"To sai mu ƙara kamar faɗin tafin hannu kowane gefe. In ya yi cif-cif, ina za a manna shi? Sauro kuma 'yar kafa kaɗan yake nema."

Bilqis ta yi caraf ta ɗauki mai zif.

"Hajiya, kin ga wannan, kalarsa ma ta dace da fentin ɗakinki."

"In ɗauko kwanon tuwo da hannu biyu, da haƙori zan zuge zif ɗin?"

"Ai sai ki kira ni."

"In kina banɗaki fa? In tsaya tuwo ya huce?"

Chinyere ta ƙyalƙyale da dariya. Bilqis ta ajiye, ta koma wata hanyar.

"An ce fa mayen ƙarfe yana ɓata waya."

"Wayata ta riga ta ɓaci tun da Raudha ta tsoma ta a kunu."

"An ce kuma yana jawo tsawa da damina."

"Yakaka tana nan da ranta. Tsawar ma tsoron bakinta take ji."

Da Bilqis ta ga ba ci, sai ta faki idon Hajiya ta ƙifta wa Chinyere ido, ta ƙara ƙiftawa, tana nuna wani sakwarkwatacce da ke rataye a bakin shago, wanda mayensa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, tsakiya fayau. Nufinta a tallata musu wannan.

To amma ta manta a inda take. A layin su Chinyere, in ɗan gida ya ƙifta maka ido a gaban baƙo, ma'anarsa ɗaya ce, bar na waje, fito da na ciki.

"Na gane, Bili, na gane!" Chinyere ta shige ƙurya ta fito da wani a kwali. "Mama, wancan na bakin ƙofa na 'yan kallo ne, iska kaɗan ta buɗe shi. Wannan shi nake ɓoye wa nawa. Taɓa ragar ki ji, ko kyanwa ba ta yaga ta. Idanunta ƙanana, ko ɗan ƙwaron nan mai bin fitila ba ya wucewa. Maye kuwa tun daga sama har ƙasa, ba tazara. Ki gode wa surukarki, ita ta ce in fito da shi."

Hajiya ta dubi Bilqis da murmushi har kunne.

"Ashe duk gardamar nan dabarar ciniki ce? Kai, jinin kasuwa daban ne. Allah ya yi miki albarka, Iyawo."

"Amin, Hajiya," in ji Bilqis, murya kamar ta mai zazzaɓi.

Chinyere ta rataya shi don gwaji.

"Baƙi ko fari? Baƙi kina ciki kina ganin waje tar. Fari ya fi suturta na ciki, sai dai yana nuna datti."

"Baƙi. Ina so in ga mai shigo min gida kafin ya gan ni. Iyawo, shiga mu gani."

Bilqis ta ratsa ta tsakiya. Tas-tas-tas! Labule ya haɗe a bayanta, ya kuma cafke fil ɗin mayafinta. Chinyere ta zo tana ɓamɓarewa tana dariya.

"Kin gani, Mama? Ba ya barin ƙarfe. Amma dubi ɗan kunnenta, ya goga a jiki bai kama ba. Na lefe ne ko, Bili? Mijinki ya yi ƙoƙari, wannan gwal ne. Gwal kaɗai maye yake jin kunya."

Hajiya ta dafa ƙirjinta ta saman hijabi.

"To ni da shi sai dai gaisuwa. Naɗe min."

An gudu ba a tsira ba.

*

Bayan la'asar Nur ya dawo, aka ba shi guduma. Mutumin da yake yanka yadi ido rufe, yau ƙusa ɗaya sai ya buga ta sau uku tana lanƙwashewa. Gumi har ya jiƙa masa wuyan riga.

"Ko a bari sai gobe? Hannuna ciwo yake."

"Iyawo, ce masa magariba sauro yake shigowa, ba gobe ba."

Ya dai kafa shi. Sai ga Baba Malam ya shigo daga masallaci, carbi a hannu. Ya tsaya ya ƙare wa labule kallo, ya sa kai ya shiga. Tas-tas-tas. Ya fito. Tas-tas-tas. Ya sake shiga.

"Ikon Allah! Labule mai tarbiyya. Ya fi 'ya'yan zamani, shi in an wuce yana rufe ƙofa. Me yake ja masa baki haka?"

"Mayen ƙarfe ne, Malam," in ji Hajiya.

Murmushin Baba ya tsaya a rabi. Ya dubi Bilqis, Bilqis ta dubi ƙasa. Ya dubi wuyan Hajiya, an cire hijabi tun ɗazu, sarƙa sai walƙiya take.

"Kulsum, da kin mayar da hijabinki. Akwai ɗan sanyi-sanyi."

"Sanyi? Kai da kake fifita da hula?"

Ta gyara ɗaurin zani, ta ce bismillahi, ta sa kai. Da ta wuce a miƙe da wataƙila an sha. To amma sai da ta sunkuya za ta gyara takalminta a bakin ƙofa. Sarƙa ta yi lilo gaba.

Ƙas!

Hajiya ta ɗago, aka riƙe ta. Ta ja baya, labule ya biyo ta. Hajiya ta yafe min, amma a lokacin sak tunkiyar da aka ɗaure a turke.

"Wane ne ya riƙe ni?"

Aka dubi juna. Raudha ce kaɗai take ɓangala dariya tana tafi.

"Maƙullin ne, Hajiya," Nur ya ce da sauri. "Ko gwal na gaske maƙullinsa yakan kama."

Hajiya ta cire sarƙar daga wuyanta a hankali. Ta kara tsakiyarta a jikin labulen. Ƙas. Ta ɓamɓare, ta kara gefe. Ƙas. Ta kara ɗan tulun da ke reto a ƙasa. Ƙas. Sai ta sake ta, ta bar ta nan a manne tana lilo, ta juyo.

"Iyawo."

"Na'am, Hajiya."

"Wa na ba wankin sarƙar nan?"

"Ni ce."

"To me ya faru a hanya?"

Bilqis ta durƙusa. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske. Ta hango maganar tana fita daga gidan nan, tana tsallaka titi, tana shiga Kasuwar Singa har rumfar mahaifiyarta, ana nuna Alhaja Sherifat da baki ana cewa 'yarta ta sace gwal ɗin uwar miji. Kalma ɗaya za ta wanke ta. Ta saci kallon Baba Malam, ta tuna amanar da ya ba ta.

Ta haɗiye kalmar.

"Hajiya, ba ni da abin faɗa."

"Ba ki da abin faɗa?"

"Ki yi min duk hukuncin da kika ga dama."

Hawaye suka zubo mata. Sai aka ji gyaran murya.

"Kulsum, ƙyale yarinyar nan."

Baba Malam ya matso, ya cire hula ya riƙe a hannu kamar ɗalibin da ya makara.

"Amanata take riƙe da ita, shi ya sa ta yi shiru. Tun ranar wankin ta zo min tana kuka, maƙeri ya ce mata ƙarfe ce. Ni na hana ta faɗa. Sarƙar nan tun ranar da na sayo ta ba gwal ba ce. Littattafan nan da kike kakkaɓe wa ƙura, su ne gwal ɗinki. Na ji kunyar dawowa hannu sake, na saya miki ta bakin titi. Ki yafe ni."

Kowa ya jira salati da sallallami.

Kafaɗun Hajiya suka fara girgiza. Ta toshe baki da gefen zani. Sai dariya ta ƙwace mata, ta zauna daɓas a kan turmi tana yi har da riƙe ciki.

"Wayyo Allah, Malam! Sai yau? Sai da labule ya titsiye ka?"

Ta tashi ta shige ɗaki. Tas-tas-tas. Aka ji ana jan akwati. Ta fito da wani ɗan ƙullin tsumma, ta kwance a tafin hannunsa. Wata sarƙa ce, ta yi baƙi ƙirin, duk tsatsa.

"Ga taka nan."

Baba ya gyara tabarau.

"Tun kafin zamzam ɗin da ka kawo ya ƙare ta fara baƙanta min wuya. Ka ɗauka ni yarinya ce? Tumakina na sayar, na haɗa da adashe, na kai wa maƙeri ya ƙera min irinta sak da gwal na gaske. Ina ji ina gani yayyena su yi wa mijina dariya? Na ce tsarabar Malam ce, kuma har gobe tsarabar Malam ce."

"Shi ya sa ba ta koɗe ba," Baba ya ce a hankali. "Ni kuwa ina ta cewa karama ce."

"Karamar tumaki ba."

Ya juya tsohuwar sarƙar a hannunsa, idonsa ya cika.

"To wannan me ya sa kika ajiye ta?"

Hajiya ta kawar da kai, kunya ta kama ta kamar amarya.

"Ba kai ka kawo ba?"

Jama'a, ni kaina da nake rubutawa sai da na share ƙwalla. Bilqis tana kuka tana dariya. Hajiya ta kamo hannunta ta ɗaga ta.

"Tashi, 'yata. Wadda ta yarda a kira ta ɓarauniya don ta rufa wa tsoho asiri, ba ta ɗaukar ko allura. Kuma ɓarawo ba ya kai ƙarar kansa yana kuka. Yau na san wa aka kawo min gida."

Ta goge mata fuska da tafin hannu. Sannan ta juya ga labule, inda sarƙa take manne har yanzu. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta.

"Amma fa magana ba ta ƙare ba. Ta Malam ga ta a hannunsa. Tawa kuma gwal ce, a gabana aka narka shi. To wannan da maye ya kama, ta wace ce?"

Hajiya ta fara lissafi da yatsu.

"Sau biyu sarƙata ta taɓa barin jikina. Ranar wanki, kuma kafin a wanke ta maƙeri ya ce ƙarfe ce. Kenan tun kafin nan aka yi min musanye. Saura ɗaya. Ranar da aka yi min aikin ido, ana gab da kai lefen Iyawo. Likita ya ce a cire komai, na cire na ba wa..."

Ƙwal!

Guduma ce ta suɓuce ta faɗi a kan siminti.

Hannun Bilqis ya tafi da kansa ya taɓa ɗan kunnenta. Na lefe. Wanda maye ya ji kunyarsa.

Nur ya fara ja da baya, ya juya zai shige ɗaki. Makullan shagon da ke rataye a ƙugunsa suka goga a labule. Ƙas! Ya ja, labule ya biyo shi.

Hajiya ta miƙe tsaye. Ba ta ce Iyawo ce masa ba. Ba ta ce Ɗan Kwari ba. Ta dube shi ido cikin ido, ta buɗe bakin da tunda ta haife shi bai taɓa furta sunan ba.

"Muhammadu Nuru."